Matoshin Jirgin Garland Speights

Insfekta Royce Tullos yana tsakiyar karyawa a shagon kofi na bakin titi sai Sajan Lorna Batiste ta bugo masa waya.

"Yallaɓai, an tsamo gawa a tsohon gangaren sauke jiragen ruwa na tafkin Pickard Bend. Garland Speights ne."

"Zamewa ya yi ya faɗa?"

"Sai dai in ruwa ya koyi fasa ƙeya."

Royce ya ajiye cokali. Ba tausayin Garland ne ya kama shi ba. Duk garin Hatchel ba za ka tara mutum biyar da za su yi wa Garland kuka ba, har da matarsa da ta tattara kayanta ta koma Houston. Abin da ya faɗar masa da gaba shi ne kawunsa, Hollis Yarbrough, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. A watan jiya, a ɗakin taron coci, gaban jama'a, Hollis ya ɗaga sandarsa ya rantse cewa ranar da Garland ya sake kawo tirelar da yake jan jirgin ruwansa da ita bakin tafkin, ranar za a yi jana'iza.

Kuma kowa ya san dalili. Tafkin Pickard Bend ba halittar Allah ba ne, kakanninsu ne suka datse kogi suka yi shi, kuma kifin bas da ke cikinsa shi ke ciyar da garin. Masu fatsa daga jihohi uku suke zuwa, su kwana a masaukai, su sayi mai, su sayi tana. Sai Garland, gwanin gasar kamun kifi mai girman kai, ya dawo daga Louisiana da wata muguwar kainuwa maƙale a tirelarsa, ya tura jirginsa ruwa bai wanke ba. Kafin damina biyu ciyawar ta shimfiɗe rabin tafkin, kifi ya riƙa tasowa ciki sama, baƙi suka ɗauke ƙafa. Shagon tanar Hollis ya rufe. Shekara huɗu ƙungiyar masu kare tafkin ta yi tana kwasar ciyawa da manjagara a cikin zafin rana, kuma a wannan aikin ne Hollis ya yanke jiki ya faɗi, hannunsa na hagu ya shanye. Da tafkin ya warke, ƙungiya ta haramta wa Garland shiga gasa har abada. Bai taɓa cewa a yi haƙuri ba, ko da wasa.

Royce ya iso gangaren ya tarar an lulluɓe gawar. Ya ɗaga mayafin ya duba raunin ƙeyar, ya mayar. Lorna ta matso ta rage murya.

"Sharif, shugaban 'yan sandan gundumarmu, yana Austin sai Litinin. Ya ce in ya dawo bai ga wani a kulle ba, zai miƙa wa masu binciken jiha. Ka san gidan da za su fara ƙwanƙwasawa."

"Na sani."

"Bai ma kamata a ce kai ke riƙe da wannan ba, Yallaɓai."

"Shi ma na sani, Lorna. Ina motarsa?"

A-kori-kurar Garland tana can sama a kan tsakuwa, nesa da ruwa, jirgin yana kan tirela. Royce ya zagaya ta sau ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya shafa ƙarfen, ya shafa katakon da jirgi ke kwanciya a kai, ya dubi yatsunsa. Babu ko ganye ɗaya. A bayan jirgin kuma an cire matoshin da ake zarewa ruwa ya tsiyaye, ramin a buɗe, ƙasa a jiƙe.

"Me ka gani?" in ji Lorna.

"Tsabta."

"Doka ce ai. Kowa ya fito ruwa sai ya zare matoshi."

"Sau uku ana cin Garland tara a kan wannan dokar, yana dariya yana biya. Mutumin da ko haƙoransa bai cika wankewa ba. Ba shi ya gyara tirelar nan ba."

Ya miƙe, ransa a jagule. Wanda ya yi wannan gyaran ɗan ƙungiya ne, babu tantama, kuma shugaban ƙungiyar kawunsa ne. Ya ce a ja motar da jirgin zuwa harabar ofis, a bincike su ciki da waje.

Garland aboki ɗaya ya rage masa a duniya, Dwain Kimbrough, mai gyaran injin jirgi. Royce ya same shi a garejinsa yana tauna taba, yana kwance wani inji da bai ga alamar lalacewa a jikinsa ba.

"Yaushe rabonka da Garland?"

"An kwana biyu, Insfekta. Tun kafin bikin Ista."

"Jiya ina ka wuni?"

"Nan, a kan wannan injin."

"To wa na gani da hularka a gidan man Logansport, kana ɗura wa motar Garland mai?"

Royce bai ga kowa ba, jifa kawai ya yi, don ya san ta nan ake bi zuwa Louisiana. Amma Dwain ya daina tauna. Ya tofar, ya goge baki da bayan hannu.

"Rakiya kawai na yi."

"Zuwa ina?"

"Wata fadama, can hayin iyaka. Ya ce koto zai samo."

"Dwain, an fasa wa abokinka kai da asubar yau. Kai ne na ƙarshe da aka gani da shi. In kana so mu je ofis ka yi mini wannan ƙaryar a zaune, sa rigarka."

Dwain ya zauna a kan wata taya.

"Kainuwa ya ɗebo. Bokiti huɗu, farare, ya cika su taf. Ya kuma tura tirelar cikin fadamar da gangan har ta yi kore shar. Na ce Garland, wannan haukan fa? Ya ce tunda sun hana shi kama kifi a Pickard Bend, to babu uban da zai sake kamawa. Ya ce yana so ya ga fuskar tsohon nan mai hannu ɗaya ranar da tafkin ya sake rufewa."

"Kai kuma ka yi shiru."

"Na ce ba da ni ba. A ƙofar nan ya sauke ni. Matata tana ciki, tambaye ta."

Royce ya tambaye ta, ta tabbatar, kuma ba mace ce mai yi wa Dwain rufin asiri ba. Ya fito yana jin wani abu da bai dace ɗan sanda ya ji ba. Da Garland yana da rai a wannan lokacin, da bai san abin da shi kansa zai yi masa ba. Ya kira Lorna.

"Akwai bokitai a bayan motar?"

"Babu ko ɗaya, Yallaɓai."

Daga nan ya nufi gidan da ya girma. Hollis yana zaune a baranda a kujerarsa mai lilo, shayi mai ƙanƙara a gefensa, hannun hagu a kwance a cinya. Bai jira gaisuwa ba.

"Ka daɗe a hanya. Tun safe nake jiranka."

"Ina Inna Verna?" Royce ya tambaya, ganin babu matar kawun nasa a barandar.

"Tana rumfar ƙwari. Ba ruwanka da ita. Ni na kashe shi."

Royce ya hau matakala ya zauna a kan dakalin katako. Abin da ya wuni yana gudu ke nan.

"Kawu, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Hannuna ne ya mutu, ba kaina ba. Na fita da asuba, na gan shi yana ja da baya da tirela cike da ciyawa. Na ɗauki manjagara na sauke masa. In aka dawo da shi yanzu, zan ƙara."

"Da hannu ɗaya?"

"Da shi nake cin abinci, da shi nake aske gemu. Kan Garland ai bai fi kankana tauri ba."

"Sai kuma ka tuƙa motarsa ka hau da ita kan tsakuwa."

"Ƙwarai."

"Ka tsince tirelar."

"Ganye bayan ganye."

"Ka zare matoshin."

"Me zai hana? Ko ka ɗauka zan bar ruwan Louisiana ya kwana a bakin tafkina?"

"Ina ka ajiye shi?"

Hollis ya kurɓi shayi.

"Inda nake ajiyewa kullum. Na jefa shi a kwarmin bayan jirgin, kusa da inji. Sai me? Ka zo da ankwa ko sai na ara maka?"

"Ban zo da ita ba."

"To je ka ɗauko. Kada ka bari 'yan Austin su zo su yi maka aikinka, abin kunya ne."

Royce ya dubi tsohon da ya koya masa ɗaura ƙugiya, ya koya masa mayar da uwar kifi ruwa in tana ɗauke da ƙwai. Labarin ya zauna daidai, har ya yi masa yawan daidai. Ya sauka ya shiga mota.

A harabar ofis ya tarar da Lorna a cikin jirgin Garland, safar roba a hannunta.

"Duba mini kwarmin baya," in ji shi. "Akwai matoshi?"

"Babu. Amma ga shi nan gaba, ban taɓa shi ba. Wani ya rataye shi."

Royce ya taka tayar tirela ya leƙa. Matoshin yana lilo a jikin sitiyari, an ɗaure shi da koren zare, ƙulli biyu a jere, a ɗame, sannan an bar hanci don a ja ya kwance. Mai hannu ɗaya ba zai iya wannan ɗaurin ba ko zai wuni yana yi.

Ya daɗe yana kallonsa. Tun da aka kafa ƙungiya, mace ɗaya ke tsayawa a babban gangare ranar Asabar tana duba jiragen baƙi. Ta zare matoshi, ta ɗaure shi a sitiyari, ta ce wa mai jirgin, yanzu sai makaho ne zai koma ruwa bai mayar ba. Hollis ya sha yi mata tsiya a kan wannan zaren, yana cewa ta mayar da jiragen maza kamar an yi musu kwalliyar biki. Inna Verna ke nan, ita ce ta yi wa Royce wanka yana yaro, ita ta zauna a gefen gadonsa lokacin da ya yi ƙyanda.

"Yallaɓai, lafiya? Fuskarka ta canja."

"Kawuna ba shi da laifi."

"To ai abin murna ne."

"Ɗauko motarki ki biyo ni," in ji shi.

Rumfar ƙwari tana bayan gidan Yarbrough, doguwar rumfa ce ta leda inda ƙungiya ke kiwon wasu ƙananan ƙwari masu cin kainuwa. Royce ya bi ta bayan gida don kada Hollis ya gan shi. Verna tana tsugune a tsakar fili, ta shimfiɗa baƙar tamfol a rana, ta baza ciyawa a kai tana juyawa ta bushe. A jikin rumfar an kifa fararen bokitai huɗu, an wanke su tas, suna warin sinadarin wanki.

Ta ɗago ta gan shi, ta ga Lorna a bayansa.

"Ka ci abinci kuwa? Akwai tarwaɗa da burodin masara a kicin."

"Inna, ina kika je da asuba?"

"Ina nan. Ƙwarin nan ba sa son a bar su."

"Wannan ciyawar daga ina?"

"Ta rumfa ce, ta yi yawa na rage."

"Bokitan fa? Na ƙungiya shuɗaye ne, ni na sayo su."

Ta ci gaba da juya ciyawar.

"Kawu ya ce shi ya kashe Garland."

Hannunta ya tsaya.

"Ya ce me?"

"Ya ce in ɗauko ankwa. Na tambaye shi inda ya sa matoshi, ya ce a kwarmin baya. Na same shi a sitiyari, Inna, da koren zare."

Verna ta dubi aljihun gaban rigarta, inda bakin zaren ke leƙowa. Ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Na ɗaure shi? Wallahi ban san na ɗaure ba. Hannu ne kawai." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Shi kuma wannan tsohon banzan, ko ƙarya bai iya ba. Shekara arba'in ina gaya masa."

"Gaya mini yadda aka yi."

"Na fita duba shingen da muka sa a bakin rafi. Ina dawowa na hango fitila a tsohon gangare, inda ba mai bi. Na je na tarar ya ja baya har tayar tirela ta kusa taɓa ruwa, ciyawa tana zuba a jikinta. Shi kuma yana kan gadar katako da bokiti a hannu. Na ce Garland, don girman Allah ajiye. Ka san abin da ya ce mini? Ya ce, Verna, je ki kira mijinki ya zo ya tafa mini."

Lorna ta sunkuyar da kai.

"Ni ke ɓalle wa Hollis maɓallin riga kowace safiya, Royce. Ni ke yanka masa nama a faranti kamar yaro. Mutumin da yake ɗaga injin jirgi shi kaɗai. Wannan ya yi mana haka, ya zo kuma yana cewa a tafa masa. Ya juya ya ɗaga bokitin zai watsa. Manjagara tana hannuna."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya ya ishe shi. Na cafke bokitin kafin ya kife, shi kuma ya tafi ruwa."

"Kin yi ƙoƙarin tsamo shi?"

"Da wane hannun? Tirela tana ɗiga a bakin ruwa. Ganye ɗaya in ya shiga, shekara huɗunmu ta tafi a banza. Na ja motar sama, na durƙusa na tsince ta, na bi gangaren da rarrafe ina tsintar abin da ya zuba. Har rana ta fito ban waiwayi inda yake ba."

"Da kin kira ni, Inna. Da kin bar shi ya zuba, da yanzu shi ke kulle."

"A ci shi tara ya biya yana dariya? Na ga irin kullewarku." Ta cire safar hannunta ta ninke ta. "Kada ka tsaya jiran in ce na yi nadama. Ban yi ba. Abin da ya dame ni ɗaya ne, ciyawar nan ba ta gama bushewa ba. Lorna, 'yar nan, ki ce wa Opal Dorsey 'yar ƙungiyarmu ta zo ta ƙone ta gobe, kada iska ta ɗauka."

"To, Mama," in ji Lorna, muryarta ƙasa-ƙasa.

Royce ya karanta mata haƙƙoƙinta kamar yadda doka ta ce. Bai sa mata ankwa ba. Suka zagayo ta gaban gida, ita a tsakiya.

Hollis ya gan su ya yunƙura ya miƙe, kujerar tana lilo a bayansa.

"Na gaya maka ni ne. Sake ta."

"Kawu, ba kai ba ne."

"Ni na ce ni ne! Wa ya tambaye ka gaskiya? Ni da na riga na zama rabin mutum, me zan rasa a kurkuku? Sai da ka tona, sai da ka nuna kai gwani ne."

"Zauna, Hollis, kafin ka faɗi," in ji Verna. "Maganinka na yamma yana kan firji. Kada ka sha shi da kofi."

Hollis bai dube ta ba, Royce yake kallo, idanunsa jawur.

"Uwarka ta bar mana kai ba ka da ko takalmi. Wannan matar ta ɗauke ka. Yau ka biya ta. In na mutu kada ka zo, kada ka ɗauki akwatin gawata. Na gaya maka a gaban shaida."

Ya juya ya shige gida yana jan ƙafa, ya tura ƙofa da kafaɗa. Royce ya tsaya a tsakar gidan kamar an dasa shi. Ya wuni yana roƙon Allah kada ya zama kawunsa ne, an kuma amsa masa, ga shi bai san inda zai sa kansa ba.

Ya buɗe wa Verna ƙofar baya ta shiga, ta gyara zama, ta ɗora jakarta a cinya kamar mai zuwa coci. Wayar Lorna ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce to, ta leƙo ta tagar Royce.

"Likitan da ya duba gawar ne, Yallaɓai. Ya ce ba dukan ne ya kashe shi ba. Huhunsa cike yake da ruwa. Ya ɗan jima da rai."

Royce ya dubi Verna ta madubi.

"Kin ji, Inna? Yana da rai lokacin da kike tsintar ganye. Da kin miƙa masa manjagarar nan, da ya fito."

Ya zuba mata ido yana jira ya ga ko fuskarta za ta motsa. Yana bukatar ta motsa, ko kaɗan ne, don ya samu abin da zai gaya wa alƙali, ya samu abin da zai gaya wa kansa.

"Ruwan tafkin ya sha ke nan?" in ji ta.

"Shi ya sha."

"To ya sha mai tsabta. Ba don halinsa ba."

Ta juya fuska ga taga. Royce ya tayar da mota, ya hau titin da ya nufi ofis.